Matar da Ta Dasa Duman Rafi

Bana shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar kakata, Iya Kande, mahaifiyar babana. Ta rasu da kaka, ana tsakiyar yankan gero, a ƙauyenmu da ke bakin korama kudu da Mirriya. A lokacin ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Zindar, sai da aka kwana biyu da binne ta labari ya iso ni. Yau na tsufa, na ajiye alli, ina zaune a unguwar Zango da jikokina, kuma na lura cewa idan ban rubuta abin da na sani game da ita ba, babu wanda ya rage da zai rubuta.

Ba ta yi karatun boko ba, na allo ma iyakarta abin da za ta yi salla da shi. Ba ta taɓa riƙe wata sarauta ba, ko ta mata. Abin da ta sani shi ne bakin rafi. Idan ka bi ta daga mashaya zuwa tsohon tabki, tafiyar da ba ta kai ta shan fura ba, sai ta kira maka sunayen tsirrai har ka gaji da ji. Ta san albasar kwaɗi, wadda ke fitar da farin fure mai ratsin ja da zarar ruwan farko ya sauka, tun ƙasa ba ta gama jiƙa ba. Ta san balasa mai ɗan shuɗin fure da ba ya kai azahar. Zamarke kuwa, da ke tsayawa cikin ruwa har gwiwa da furensa ruwan ɗorawa, takan ce ya fi mutanen garinmu haƙuri. Idan giyayya ta yi fure, ƙamshinta ya cika kwari, sai ta tsaya ta rufe ido, ba ta son a yi mata magana. Bado kuma ba ta kallonsa a matsayin ado ko kaɗan, duk da farin furensa da ke buɗewa a kan ruwa. Abinci ne a wurinta, ƴaƴansa da saiwarsa, kuma tana ambatonsa da irin ladabin da ake ambaton hatsi.

Amma akwai tsiro ɗaya da ta fi ba lokacinta, kuma shi ne wanda kowa ya fi rainawa. Duman rafi nake nufi, wanda wasu ke kira duman kada. Duk wanda ya taɓa sauka kwari ya san shi: yana yaɗo a kan rairayi, ganyensa mai faɗi, furensa shunayya kamar bakin kakaki, ya buɗe da safe ya naɗe kafin rana ta take. Mutum ba ya cinsa. Dabbar da ta san kanta ba ta cinsa. Ba a yin igiyar kirki da shi. Duk da haka, kowace damina Iya takan yanko rassansa, ta bi gaɓar rafi tana kwantar da su a rairayi, tana dannawa da diddige.

Mun taso muna ganin haka, mun ɗauka ɗabi'ar tsufa ce. Sai a hutun farko da na yi bayan na fara koyarwa, na same ta a bakin gaɓa da ƙwarya cike da rassan, na kasa yin shiru.

Na ce, "Iya, wai me kike samu a wannan wahala? Da rogo kika dasa ko dankali, ai da an ci."

Ta ɗago ta dube ni. "Ƴar lakwal, an fara koya wa mutane ke nan? To zauna, ni ma in koya miki nawa."

Muka zauna a inuwar giyayya, ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba, ko babana.

Ta ce abin ya faru ne Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Tana matashiyar mace, tana goye da ɗanta na fari, wato babana. Da bazara, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, sai wani ayari na Nasara ya sauka a bakin rafinmu. Kaya suke kaiwa gabas a kan takarkarai, shanun da aka karɓo daga arewa, ƙasar da babu rafi. Shugaban ayarin wani sarjan ne Bature, tare da gardi-gardi masu bindiga da tafinta guda, mutumin yamma wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Suka ce za su huta kwana kaɗan, a ba shanu abinci. Maigari ya ɗora aikin a kan mahaifin Iya, Malam Ɗanjimma, domin shi aka sani da iya dabba.

Harawar da aka tara ba ta kai ko'ina ba. Masu tsaron ayarin suka duba, suka ga kore shar a bakin gaɓa, abu ɗaya tak da bazara ba ta kashe ba, suka kora shanun can. Malam Ɗanjimma yana wani ƙauye neman ƙarin kara, bai dawo ba sai da aka kwana biyu ana haka. Da ya dawo ya yi magana, wani gardi ya daka masa tsawa, ya ja bakinsa.

Ba a yi mako ba shanu suka fara rawar jiki. Kai yana kaɗawa, ƙafa tana harɗewa, idan aka kora su sai su faɗi su kasa tashi. Sarjan ya ce guba ce. A wancan zamani Nasara ba su yarda da kowa ba, ko tari ka yi sai su ce da wata manufa. Aka kama Malam Ɗanjimma, aka ɗaure shi a jikin itace a tsakiyar rana, aka yi masa bulala a gaban mutanen gari, aka ce idan ayari ya tashi za a wuce da shi kaso, wato kurkuku, a Zindar. Kowa ya san wanda aka kai can da laifin kashe dabbar Nasara ba lalle ya dawo ba.

Na tambaye ta, "To ai duk garin sun san duman rafi ne, ko ba haka ba?"

Ta ce, "Har yaran da ke kiwon awaki sun sani. Amma wa zai faɗa? Maigari yana tsoron a ce me ya hana shi faɗa tun farko. Sauran maza kowa yana tsoron a ce ya aka yi ya sani, ko da hannunsa. Mijina ma cewa ya yi in zauna a ɗaki, addu'a ta fi. Na yi addu'ar, sannan na ɗaura zane."

Da hantsi ta gyara goyonta, ta yanko duman rafi cike da hannu, ta ja saniyar gidansu da igiya, ta nufi inda sarjan yake zaune a ƙarƙashin rumfa. Wani gardi ya tare ta da gindin bindiga, sai yaron ya fasa kuka, Baturen ya ɗago kai ya yi alama a bar ta.

Ba ta tsaya dogon bayani ba, domin ta ga tafintan ba zai iya kai maganar ba. Ta zube ganyen a gaban saniyarsu, wadda ita ma yunwar bazara ta fito mata da haƙarƙari. Saniya ta sunsuna, ta kau da kai. Ta kwashe, ta kai gaban wani takarkari na ayarin da bai riga ya kamu ba. Nan take ya sa baki. Sannan ta ce wa tafinta, "Gaya masa, shanunmu a nan aka haife su, sun san shi. Nasa baƙi ne. A ɗauke su daga bakin ruwa, a kai su tudu, a ba su kara. Idan an kwana bakwai ba su miƙe ba, maganata ƙarya ce."

Sarjan ya daɗe yana juya furen a hannunsa. Daga baya tafinta ya ce, "Ya yarda. Amma in ba su tashi ba, ke da tsohon za ku tafi tare, da abin da ke bayanki."

Kwana bakwai ɗin nan, in ji ta, gida-gida ta bi tana roƙon kara da harawa, har dangar gidansu ta kwance ta kai. Shanu biyu suka mutu a kwana na uku. A kwana na biyar rawar ta fara raguwa. A na bakwai sauran suna tsaye suna tuƙa. Aka kwance mahaifinta. Bai ƙara miƙe bayansa daidai ba har ya bar duniya, amma a ɗakinsa ya mutu, shekaru da yawa bayan haka, jikoki kewaye da shi.

Da ta kai nan na yi ajiyar zuciya, na ɗauka labari ya ƙare, har na fara yaba mata. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya tukuna. Wannan shi ne rabin da ke da daɗin faɗa."

Ayari ya tashi, sarjan ya kai rahoto. Bayan ƴan makonni sai ga umarni daga kumandan, babban Baturen Zindar: tunda wannan hanya ce ta ayari, a tumɓuke mugun tsiron nan daga bakin rafi, kada a bar ko saiwa. Aka fito da garuruwa uku aikin tilas. Maza suna haƙa, mata suna kwasa, gardi yana tsaye da bulala. Aka tara shi tuli-tuli aka cinna wuta. Gaɓar rafi ta koma fari fat, tun daga mashaya har bayan tabki. Mutane sun yi gunaguni saboda aikin ya ci musu lokacin sharar gona, amma ba wanda ya yi baƙin cikin tsiron. Ita ma ba ta yi ba.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauko ya tarar da gaɓa tsirara, ya yanke ta kamar ana yanka tuwo. Abin da ruwa ya bari, iskar rani ta ƙarasa. Rairayi ya gangaro ya rufe lambunan da ke ƙasan gaɓa, ya cike ƙananan rijiyoyin da ake ban ruwa da su, ya shiga tabki ya cinye fiye da rabinsa. Sai a lokacin mutane suka gane aikin da duman rafi yake yi shekara da shekaru ba wanda ya gode masa. Kowace gaɓa ta reshensa tana sa saiwa a ƙasa, dubban saiwoyi, su ne suka riƙe tudun.

Ba a daɗe ba aka shiga babbar yunwar nan da tsofaffin ƙasar nan suke ba da labari. A irin wannan shekara tabki ne rumbun talaka. Mata sukan shiga ruwa su tono saiwar bado, su tara ƴaƴansa su daka. A wannan karon abin da ya rage na tabkin bai ciyar da gari wata guda ba. Iya ta ce an binne mutane da ta sani, cikinsu har da ƙawarta da suka yi wasan ƴar tsana tare. Ba ta ce tabkin zai ceci kowa ba. Ta ce dai zai ceci wasu, kuma ta san fuskokinsu.

Mutane kuwa sai suka nemi wanda za su ɗora wa. Ba a iya zagin kumandan, ba a iya zagin maigari. Sai aka ce ai Kande ce ta je ta nuna wa Nasara. Aka sa mata suna Kanden Nasara. Idan ta iso rijiya hira takan mutu. Wani maƙwabcinsu, Baba Tanko, wanda rairayi ya binne masa lambun albasa, ya tsaya a ƙofar gidansu ranar da zai yi ƙaura zuwa kudu, ya ce da ita, "Kin fanshi tsoho ɗaya da gari guda. Allah ya sa ya ishe ki." Bai ƙara dawowa ba.

Na ce, "Amma Iya, ai ba ke kika ba da umarnin ba."

Ta ce, "Na sani. Na kuma san da ban buɗe baki ba, da ba a ba da shi ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma na kwana da su shekara sittin."

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ko yau aka sake ɗaure ubanta, za ta sake jan saniya ta tafi. Abin da ke damunta ɗaya ne: ta gaya wa Bature abin da tsiron yake kashewa, ba ta gaya masa abin da yake rayawa ba, domin ita ma ba ta sani ba. Tana ganinsa tun tana rarrafe, ta san sunansa, ta san furensa, ta ɗauka ta san shi.

Daminar da ta biyo bayan yunwa ta fara dashe. Takan tafi can sama da garinmu inda umarnin bai kai ba, ta yanko rassa, ta rufe su da kayan wanki a ƙwarya saboda tsoron gardi. Daga baya ta gane Nasara sun manta da zancen tuntuni, ayarinsu ma ya canza hanya. Ba ta nemi kowa ya taya ta ba, ba kuma wanda ya ce ta bari. Sannu a hankali gaɓa ta yi kore, ta tsaya. Da rairayi ya daina motsi, sauran tsirran suka dawo da kansu, balasa da farko, sannan zamarke. Tabkin bai koma yadda yake ba har abada. Sunan da aka sa mata ya bi masu kiransa zuwa kabari, har ya zama mu jikoki ba mu taɓa jinsa ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga kwarinmu yau. Injin ban ruwa yana ruri tun asuba, rake da kabeji sun kai har inda da ruwa yake kwanciya, kuma ba zan yi ƙarya ba, mutane sun fi samun abin sawa a baki fiye da zamaninta. Ina jin za ta yi murna da wannan, domin wadda ta ga yunwa ba ta raina ƙoshi. Amma za ta tambayi inda ruwan yake tafiya, da ya sa kowace shekara sai an ƙara wa rijiya zurfi. Za ta ga ciyawar kacala ta shaƙe abin da ya rage na tabki, leda tana lilo a rassan giyayya. Za ta ji an ce ma'aikata suna zuwa da mota daga birni, suna tara mutane suna koya musu yadda ake dasa tsirrai don tsayar da rairayi. Ban san ko dariya za ta yi ba, ko kuwa za ta matsa kusa ta ga ko suna dannawa da kyau.

Abin da na tabbata zai ɓata mata rai yana cikin gidana. Jikokina sun san sunayen furannin ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, suna nuna mini su a waya. Da na tambayi babbar cikinsu ko ta san albasar kwaɗi, sai ta ɗauka wasa nake yi. Laifin ba nata ba ne. Na yi shekara talatin da wani abu a gaban allo, na koya wa yara sassan fure da Faransanci daga hoton littafi, ban taɓa fita da aji ɗaya zuwa bakin tabki ba. Ni da aka ba labarin a inuwar giyayya, ni ce na ajiye shi a ciki kamar kayan gado da ake jin nauyin fitarwa.

Watan jiya na shiga motar Mirriya, daga can ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauye. Gidanmu ya zama na wasu, ban tsaya ba, na wuce bakin rafi. Sama da gari da ƙasa da shi gaɓa ta zaizaye, wani wurin har ta ci gonaki. Amma daga mashaya zuwa tsohon tabki tana nan tsaye, shunayyan fure ya rufe ta. Wani magidanci yana gyara bututun ruwa a lambunsa, na ga ya kewaye yaɗon da bututun maimakon ya sare shi. Muka gaisa, na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Hajiya, a nan ba a cire shi. Haka muka tarar."

Na ce, "Wa ya hana?"

Ya rage murya. "Wai aljanar rafin ce. An ce tun zamanin Nasara wasu suka tumɓuke shi, ta yi fushi ta turo rairayi ya cinye gari. Tsofaffi sun ce har ganinta ake yi da damina, tana tafe da ƙwarya tana mayar da abinta."

Malamar da ke cikina tana so ta gyara masa, wata zuciyar kuma tana cewa ki bar shi, tsoron aljana ya fi sunan tsohuwa ƙarfin tsare gaɓa. Daga ƙarshe na ga ba zan iya barin ta a haka ba. Ta sha wahalar zama mutum, ba daidai ba ne a ba aljana ladanta.

Na ce, "Ɗana, ba aljana ba ce. Mace ce ƴar garin nan, sunanta Kande, ni jikarta ce. Ta yi abu don ta ceci ubanta, abin ya jawo ɓarnar da ba ta nufa ba, ta ƙare rayuwarta tana gyarawa. Kabarinta yana bayan masallacinku."

Ya dube ni, ya dubi gaɓar. Ban san ko ya yarda ba. Ya ajiye bututun, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "To in mutum ce, ai tana bukatar addu'a." Muka ɗaga hannu ni da shi a tsakiyar lambu, injin yana ta ruri a bayanmu.

Iya ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba, hotonta ma babu ko ɗaya. Ta bar gaɓar rafi da ba ta rushe ba, da mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinta ba tare da sun san ta ba. Ni kuma ta bar mini abin da na yi jinkirin fahimta: mutum yana iya yin daidai, ɓarna ta biyo baya, kuma ba dole ne ya zaɓi tsakanin wanke kansa da tsine wa kansa ba. Yana iya ɗaukar ƙwarya ya koma wurin.

Allah ya jiƙan Iya Kande, ya jiƙan Malam Ɗanjimma, ya jiƙan Baba Tanko a duk ƙasar da ya kwanta, da waɗanda yunwar ta ɗauka ba mu san sunayensu ba. Mai karatu, idan ka kai nan, ka sa ta a cikin fatiharka ta yau.